Yatsu Uku da Likitan Holan

Wanzanci gadon gidanmu ne. Mahaifina shi ne sarkin askar Dandamisa, kakana ma haka. A shekara ta biyu bayan samun mulkin kai ni ma na riga na zama magidanci mai zabirar kansa, da mata da 'ya'ya biyu. Ina yawo a keke tsakanin Makarfi da Kudan da Ikara, in yi aski, in yi ƙaho, in yi wa yara kaciya lokacin sanyi, in cire wa jarirai beli ranar suna. Ana yabon hannuna. Tsofaffi kan ce in na ɗora musu aska barci ke ɗaukarsu, ni kuwa ina jin daɗin maganar fiye da yadda ya kamata.

Yayan matata yana da injin rake a Kudan. Ƙarafa ne masu juyawa a manne da juna, doki na jan wani dogon itace yana zagaye, mutum ɗaya na zaune yana cusa rake a tsakaninsu, ruwan ya zuba a garwa, a kai manyan kasake a dafa har ya zama mazarƙwaila. Wata safiya bayan kaka na je yi wa ma'aikatansa aski. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin: hayaƙi ya kwanta a kan gonar, ƙudan zuma sun yi baƙi a bakin garwa, ƙamshin ruwan rake mai tafasa yana kama maƙoshi. Mai cusa raken ya tashi shan ruwa, na ce bari in riƙe masa. Ban naɗe hannun rigata ba.

Da farko ban ji zafi ba. Na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, na ga dokin yana ci gaba da tafiyarsa a natse, kunnuwansa na kaɗawa. Yaya ne ya yi tsalle ya riƙe linzami, suka ja dokin da baya har ƙarafan suka sake ni. Malamin asibitin Kudan ya ɗaure hannun, ya dubi Yaya ya ce, "Wannan sai Zariya."

A bayan motar rake aka kai ni, a kwance a kan raken. Sararin sama kawai nake gani, da rassan itatuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, da wata shirwa da nake ganin kamar tun daga Kudan take bin mu. Yaya na riƙe da kaina yana ta salati. Ni kuwa tunanin wani tsoho nake yi a Makarfi da na yi wa alkawarin aski ranar Juma'a.

A asibiti na ji ana magana a kaina da Turanci. Wani nas ya ja Yaya gefe, amma na ji abin da ya ce: za a yanke daga wuyan hannu. Ana cikin haka wani Bature ya shigo, dogo ƙwarai, sai da ya sunkuya a ƙofa. Gashinsa kamar na masara, tabarau a kan hanci. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni ya ce, "Sannu. Me ya same ki?"

Duk da halin da muke ciki sai da Yaya ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Daga baya muka gane a ɗakin mata ya koyi Hausa, don haka kowa mace ce a bakinsa, har liman.

Ya kwance ɗaurin da kansa. Ya daɗe yana kallo, yana taɓa kowane yatsa da bakin wani siririn ƙarfe yana tambaya ko na ji. Sannan ya tambayi sana'ata. Da aka ce masa wanzami ne sai ya sa Yaya ya ciro aska daga zabirata, ya ce in nuna masa da hagu yadda nake riƙe ta. Na nuna. Ya sa na sake har sau uku, yana leƙa ƙarƙashin hannuna kamar mai duba ƙwai a akurki.

"Yatsu biyu sun tafi," in ji shi. "Uku zan nema. Ban yi alkawari ba."

A ɗakin tiyata suka kifa mini wani abu kamar ƙaramin kwando a hanci, ana ɗiga magani mai wari mai sanyi. Fitilar da ke sama ta fara nisa. Sai na ga kaina a kan kekena a hanyar Saulawa, amma hanyar ta zama ruwa, keken kuwa bai nutse ba. Rake ya tsiro dama da hagu har ya haɗe a sama, ganyensa na ƙara kamar ana wasa aska a fata. Can gaba na tarar da kakana, wanda ya rasu tun ina ƙarami, zaune a tabarma bisa ruwan, yana yi wa wani farin doki aski a hankali. Bai yi mamakin ganina ba. Ya ce in miƙo hannu. Ya fara ƙirga yatsuna, in ya kai uku sai ya tsaya ya koma farko. Na so in ce masa saura biyu, amma bakina cike yake da zaƙi, na kasa magana.

Da na farka mahaifina na zaune a gefen gado, zabirata a cinyarsa. Hannuna na rataye a sama cikin farin bandeji kamar kan jariri.

Ranar da aka fara buɗe ɗinkin mahaifina ya roƙi a bar shi ya gani. Mutum ne da bai cika yabo ba. Ya matso da fuskarsa, ya bi layin zaren da ido daga tafin hannu zuwa gindin babban yatsa. Can ya ɗago ya dubi likitan ya ce, "Ɗan nan, gado ka yi?"

Likitan ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce mahaifinsa bai taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba, amma a ƙasarsu, Holan, wanzamai ne suka fara aikin da yake yi, su ke aski su ke tsaga su ke ɗinkin rauni, kafin a mai da abin karatun jami'a. "Saboda haka, Baba, ke ce babba," in ji shi. Mahaifina ya gyara zama. Bai taɓa gyara masa wannan "ke" ɗin ba har suka rabu.

Wata biyu na yi a asibitin. Sau uku aka shiga da ni tiyata, a na ƙarshe aka yanko fata daga cinyata aka rufe bayan hannun. Shi da kansa yake zuwa wankin ciwon da hantsi, kuma da yake aikin na ɗaukar lokaci, sai ya riƙa ba ni labari don in manta da zafin. A guntu-guntu na san rayuwarsa, rabi da Hausarsa, rabi ta bakin nas.

Ya ce a ƙauyensu teku ta fi gidaje tudu. Ganuwar ƙasa ce ke tare ta, kuma in ka tsaya a ƙofar gida za ka ga jirgin ruwa yana wucewa sama da kanka. Aikin mahaifinsa tsaron wata ƙofar ruwa ne, ya buɗe ya rufe. Ban yarda ba da farko. Amma da rana in zazzaɓi ya taso sai in ga jiragen suna wucewa ta saman tagar ɗakinmu a hankali, da shanu masu baƙi da fari a tsaye a ƙarƙashinsu suna cin ciyawa.

Yana ɗalibi yaƙi ya ci ƙasarsu. Ya ce an yi wani sanyi da yunwa ta sa suka dafa saiwar furanni, masu kama da albasa, suka ci. A lokacin ne ya fara ɗinka mutum, bai ko gama karatu ba, da zaren ɗinkin tufafi da aka tafasa. Bayan yaƙi da 'yan shekaru tekun ta fasa ganuwa. Ya shiga kwale-kwale yana bi tsakanin rufin gidaje yana ɗauko masu rauni, ya wuce ta kan gidansu bai gane shi ba sai da ya ga kan bishiyar da ke ƙofa. Iyayensa sun tsira, amma mahaifinsa bai ƙara komawa bakin ruwa ba. Daga nan ya je wurin wani tsohon malamin fiɗa ya yi shekaru yana koyon aikin hannu kaɗai. Ya ce wata shida malamin bai bar shi ya taɓa mutum ba, ƙafafun kaji ake kawo masa daga kasuwa yana yanke jijiyoyinsu yana ɗinkewa.

Na tambaye shi me ya kawo shi ƙasarmu. Ya ɗan yi tunani, almakashi a hannu. Ya ce malaminsa ne ya ce ya tafi inda ake aiki da hannu, ya ga abin da ake yi da shi kafin ya ƙara ɗinka wani. Sannan ya ce wataƙila kuma yana son ya zauna a inda ruwa ke ƙasa da mutane.

Ranar sallama ya ba ni fensir da littafin rubutu. Ya ce babban yatsa da manuni da na tsakiya sun rayu, amma sun manta aikinsu, kullum in cika shafi ɗaya da kowane irin zane. Na ce ban iya boko ba. Ya ce to ga dalili. Haka na shiga ajin yaƙi da jahilci a Makarfi, ina zaune cikin magidanta ina jan baƙaƙe kamar mai jan garma.

Watannin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Hannun ya ƙage, in na ɗauki aska sai ta faɗi. Mutanen da nake yi wa aski suna zuwa gaishe ni da kawunansu a aske, su yi ta gyara hula don kada in lura. Matata kuwa kullum bayan la'asar sai ta dafa ruwa ta zuba a ƙwarya, ta sa hannuna a ciki tana lanƙwasa yatsun ɗaya-ɗaya da man shanu, tana ba ni labarin unguwa.

Likitan kan zo ƙaramin asibitin Ikara sau ɗaya a wata don duba waɗanda ya yi wa aiki a yankinmu. A zuwa na huɗu na gaya masa na yanke shawara zan ba ƙanena zabira in koma noma. Ya gama duba sauran mutane, ya fito gindin mangwaron da ke harabar, inda 'yan kasuwa ke hutawa, ya cire tabarau ya zauna a tabarma ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

"Wanzam," ya ce, "gemuna ya yi yawa."

Na ce, "Likita, hannun bai yi ƙwari ba."

"Ni na ɗinka shi. Na san abin da ke ciki. Zo."

Mutane suka fara taruwa. Wata mai fura ta sauke ƙwaryarta. Na durƙusa, na jiƙa masa fuska, na wasa askar a fata. Fatar wuyansa ja ce, siririya, ina ganin jijiya na bugawa a ƙarƙashinta. Na yi bisimilla na ɗora. Ja na farko ya tafi daidai, na biyu ma. A na uku yatsan tsakiya ya ƙi bin umarni, na yanke shi a ƙasan kunne. Jini ya gangaro har wuyan rigarsa. Wani ya ce, "Subhanallahi!" Na janye hannu.

Bai buɗe ido ba. "Ci gaba," in ji shi. "Saura rabi."

Na ci gaba. Daga nan ban ƙara jin hayaniyar kasuwa ba. Inuwar ganyen mangwaro na yawo a fuskarsa, askar na tafiya, kuma a wani wuri tsakanin haɓa da kunnen hagu na daina tunanin yatsuna. Da na gama na goge askar a tafin hannu yadda na saba tun da, sai na lura ban shirya yin hakan ba, hannun ne ya yi da kansa.

Ya shafa fuskarsa, ya mai da tabarau. Na tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Kafin in rufe zabira wani dattijo daga Saulawa ya cire hularsa ya zauna a inda likitan ya tashi.

Tun daga ranar duk zuwansa Ikara ni ke yi masa aski. Ba kullum muke shiri ba. Wata rana ya zo ransa a ɓace, an kai masa jariri da aka cire wa beli, wurin ya rube. Ya ce in daina, kuma in gaya wa sauran wanzamai, belin nan ba ya kashe kowa. Na ce abin da muka tarar ke nan, kuma in na ƙi, iyayen za su kai wa wanda hannunsa bai kai nawa ba. Fuskarsa ta yi ja, Hausarsa ta tsere, ya koma ce mini "ke". Na ji haushi ni ma, na ce shi baƙo ne, jibi zai tafi, mu za mu zauna da mutanenmu. A ƙarshe na yarda da abu ɗaya, zan riƙa tafasa kayan aikina kafin in taɓa kowa. Belin kuwa sai bayan tafiyarsa da shekaru na bari, ranar da wata jaririya da na yi wa ta wuni tana zubar da jini. Ta rayu. Ban taɓa rubuta masa cewa na daina ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake nadama.

Zuwansa na ƙarshe da damina ne. Ya ce in raka shi Kurmin Kogi ya duba wata tsohuwa da ta kasa zuwa. A hanyar dawowa ya tsayar da mota a bakin fadama. Ruwa ya kwanta fari har iyakar gani, balbelu na tsaye a ciki, gajimare na tafiya a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ya cire takalma ya shiga har idon sawu, ya tsaya. Na jira shi a kan tudu. Ya daɗe sosai, har na fara tunanin ko addu'a yake yi irin tasu. Da ya fito ya ce an kira shi gida, malaminsa ya tsufa, ana son ya karɓi aikinsa.

Bayan shekara uku wasiƙa ta zo ta hannun malamin asibitin Ikara. A ciki akwai hotonsa cikin baƙar alkyabba da wata hula mai laushi kamar an kifa masa matashi. Wani malamin makaranta a Makarfi ya karanta mini Turancin: jami'a ta naɗa shi farfesan fiɗa, yana da ɗalibai da ɗakunan tiyata a ƙarƙashinsa, ya yi aure, an haifa masa 'ya mace. Layin ƙarshe da Hausa ne, na karanta da kaina. Ya ce yana gaida Baba, kuma wanzaman garinsu ba su iya ba. Na ba shi amsa da hannuna, shafi biyu, na gaya masa Baba ya rasu. Muka yi musaya sau uku ko huɗu, sannan abin ya tsaya, ban san daga wajen wa ba.

Na riga na yi furfura lokacin da na ƙara jin labarinsa. Wata ranar kasuwa a Makarfi wani mutum mai mota ya zauna a rumfata. Ina cikin jiƙa masa kai ya kama hannuna ya juya shi, ya dube ni kamar ya ga fatalwa. Ashe likita ne, ɗan Kudan, ya yi shekara biyu a Holan yana karatu a wurin likitana. Ya ce ya san hannun nan. A darasin farko na kowace shekara farfesan kan kashe fitila ya haska hoton hannuna a bango, riƙe da aska, ya ce wa ɗalibai kafin su yanke komai su fara tambayar mutum me yake yi da hannunsa. Sai a lokacin na tuna ya taɓa ɗaukata hoto a Ikara. Na yi ta ƙoƙarin ganin abin a zuciyata, hannuna ya kai girman ƙofa a wani ɗaki mai duhu a ƙasar sanyi, 'ya'yan mutane suna kallo suna rubutu, ni kuwa ina nan ina korar ƙuda.

Na tambaye shi ko farfesan yana nan da rai. Ya ce yana nan, amma ya bar aiki. Wata safiya yana tsakiyar tiyata ya ga hannunsa ya ɗan yi rawa, rawar da ba wanda ya lura da ita sai shi. Ya miƙa wa mataimakinsa wuƙa, ya tsaya a gefe har aka gama, ya wanke hannu, bai ƙara yanka kowa ba. An yi masa babban taro, ɗalibansa suka zo daga ƙasashe da yawa. Yanzu yana wani ƙauye da matarsa yana kiwon zuma.

Likitan ɗan Kudan ya ce zai koma Holan wani taro bayan salla. Na roƙe shi ya biyo ta Makarfi kafin ya tafi. Matata ta zauna sati uku tana ɗinka hula, shuɗiya da farin zare, muka yi ta gardama a kan awon kan farfesan, ita da ba ta taɓa ganinsa ba tana cewa na faɗa da yawa. Na naɗe ta a takarda, na rubuta gaisuwa a bayanta. Mutumin ya zo ya karɓa, ya sa a jakarsa, ya ce insha Allahu hannu da hannu. Daga baya na ji an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ban ƙara ganinsa ba, don haka ban san ko hular ta isa ba, ko ta yi masa daidai.